Wasiƙa daga Morishus: abin da na gani a bikin abincin masu hannu da shuni

Yaya, assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara da su Hajiya. Ya kasuwa, ya fama da jama'a? Kin ce hotunan da na turo ba su gamsar da ke ba. Ke da girkin biki ne sana'arki, so kike ki ji yadda suke tsara abin, me suka fi mu da shi, me kuma muka fi su. To ga shi na zauna na rubuto miki dalla-dalla.

Kada ki ɗauka da kuɗina na shiga. Kamfanin da nake wa aiki ne ya kama tebur don baƙinsa, aka sa ni cikin 'yan rakiya. Kuɗin kujera ɗaya a daren rufewa, in aka mayar da shi naira, zai yi miki cefanen walimar suna har da canji. Manyan otal-otal na bakin teku a nan sukan ware mako guda su gayyato ƙwararrun masu girki daga Faransa da Afirka ta Kudu da Indiya, su haɗa su da na gida. Da rana a yi gasa da koyarwa, da dare a baje tebura a kan rairayi. Tsibirin Morishus ɗin, da ke cikin tekun Indiya, gaba ɗayansa ɗan mitsitsi ne, Jihar Kaduna ta ninka shi fiye da sau 20, mutanensa kuma ba su kai miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ba. Amma a 2023 baƙin da suka shigo yawon buɗe ido sun kusa miliyan 1.3. Wato kusan kowane ɗan ƙasa yana da baƙonsa, shi ya sa ciyar da baƙo a nan ba wasa ba ne.

Aikinsu tun kafin ranar yake farawa. Saƙo aka turo wa kowa ta imel ana tambaya ko akwai abin da ba ya ci, ko wanda jikinsa ba ya karɓa, irin su gyaɗa da jatan lande. Na rubuta cewa ni Musulmi ne, ba alade, ba giya. Da na isa, sunana na kan kujerata, da wata 'yar alama a gefen katin. Yarinyar da ke kula da teburinmu ba ta sake tambayata komai ba, ta riga ta sani. An rubuta bakwai da rabi, bakwai da rabi kuwa farantin farko ya sauka, kuma a kan dukkan teburan lokaci ɗaya. Babu teburin manya da aka cika wa nama, na baya suna leƙe suna jiran ko za a tuna da su.

Batun giya, tunda na san Hajiya za ta tambaya. Rabin bikin ai nata ne. Kowane faranti da irin giyar inabin da aka zaɓa masa, kuma akwai mutumin da ba shi da wani aiki sai wannan. Zai zo da kwalba a naɗe da farin ƙyalle, ya faɗi gonar da aka yi ta da shekarar da aka tsinke inabin, ya ɗiga kaɗan a kofi, baƙo ya juya, ya shinshina, ya kurɓa, sannan ya gyaɗa kai. Abin mamaki, ba ƙasar noman inabi ba ce. Daga Afirka ta Kudu da Faransa ake shigo da yawancinta. Tasu ta gida ita ce barasar rake. Ni dai da wata Ba'indiya da ke kusa da ni, namu daban aka riƙa kawowa: ruwan rake da citta da lemun tsami, sai na tsamiya, sai shayi mai sanyi mai ƙamshin banila. Ba yabon kai ba, zoɓonki mai kanumfari da ɓawon abarba ya fi duk ukun, kunun ayarki kuwa ba su da abin da za su ajiye kusa da shi. Inda mutum zai yi hattara shi ne miya, don Turawa na zuba giya a tukunya. Naman barewar da aka kawo wa sauran da jar giya aka dafa shi, sai aka musanya mini da kifi tun ban buɗe baki ba.

Abincin kansa, Yaya, da za ki ga yawansa sai kin yi salati. Faranti fankameme, fari tas, a tsakiyarsa loma uku. Wanda ya fi tsaya mini shi ne na zuciyar wani irin kwakwa. Sai bishiyar ta yi shekaru tana girma, sannan a sare ta ɗungurungum don a ciro farin ɓargon da ke can samanta, shi ya sa suke kiransa salak ɗin attajirai. An yanka shi siri-siri, aka shimfiɗa masa yankan wani babban kifin teku da aka banda da hayaƙi, aka ɗiga man zaitun da lemun tsami. Yana da garɗi, yana ƙaras-ƙaras a baki, amma ba gishiri sosai, yaji kuwa ko ƙamshinsa. Kafin a taɓa, sai da mai girkin ya fito da farar hularsa ya yi bayani: daga wace gona aka saro bishiyar, a wane gari aka banda kifin, gishirin ma na Tamarin ne da ke yammacin tsibirin, inda ake shanya ruwan teku. Barewar, in ji katin da ke gabana, Turawan Holan ne suka kawo irinta daga tsibirin Jaba na Indunusiya tun wajen 1639, lokacin da suka kawo rake. Mutane suka yi tsit suna saurare, wasu har da ɗaukar hoton katin.

A nan ne hankalina ya dawo gida. Ƙasar nan kusan kashi uku cikin huɗu na abin da take ci daga waje yake zuwa. Shinkafa daga Indiya da Pakistan, madarar gari da naman rago daskararre daga Ostireliya da Niyuzilan, alkama ma a jirgin ruwa take isowa. Ɗan abin da suke da shi kuwa, sun raɗa masa suna, sun ba shi tarihi, sun sa shi a kwali. A ƙarshen cin abincin aka zagayo da tire na sukari kala-kala, daga mai ruwan zuma har baƙi mai danƙo, kowanne da sunansa, ana ɗanɗanawa da ɗan cokali. Na sa baƙin a baki, wallahi mazarƙwaila ce. Mazarƙwailar da ake dafawa a Maƙarfi, a jera a faranti a bakin titi ƙura na hawa. Su kuwa har Turai suke kai tasu, har gidan tarihin sukari suka gina a tsohuwar masana'anta, baƙi na biyan kuɗi su shiga. Mu da ke da cittar Kaciya da Kagarko, da masarar Saminaka, da nonon da aka tatso da asuba, yaushe kika taɓa jin an tsaya a wurin biki an ce jama'a, cittar da ke cikin wannan lemon daga wuri kaza take? Sai dai a ce a miƙo ruwa.

Da yunwata na kwanta, wannan kam ba ɓoyo. Washegari na rama a bakin titi da abin da talakan ƙasar ke ci, dholl puri. Kamar gurasa yake amma siriri ƙwarai, an cusa masa niƙaƙƙen wake rawaya, a shafa miyar wake da ta tumatir da yaji, a naɗe a takarda, bibbiyu ake sayarwa. Da 'yan canjin aljihu za ki ƙoshi. Layin da ake yi wa mai sayar da shi a Port Louis, babban birnin ƙasar, da tsakar rana, har da masu kwat da lakataye, ya fi abin da na gani a otal ɗin gaya mini gaskiyar cikin mutanen nan. Waken ma shigo da shi ake yi.

Nama ne inda muka yi musu fintinkau. Kusan rabin jama'ar mabiya addinin Hindu ne, da yawansu ba sa cin naman shanu, Musulmi kuma da ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba ba sa cin alade, don haka kaza da kifi ne suka zama abincin kowa. Samun na halal ba wuya, har a manyan kantuna da tambarinsa. Amma naman da aka yanka yau, mai ɗumi, irin wanda kike aikawa a ɗauko miki a Zango da sassafe, sai an sha wuya. Da babbar sallah shanu ake shigo da su a jirgin ruwa daga Afirka ta Kudu, gwamnati ta yanke farashin kilo, a ɗora sa a sikeli da ransa, mutum bakwai su haɗa kuɗi. Ba zagaya kara, ba taɓa gadon bayan rago, ba dillali yana rantse-rantse. Tsire da balangu kuwa sai a mafarki. Akwai masu gashi a bikin, sun iya wuta ba laifi, amma ba ƙuli-ƙuli a yajinsu, to me aka yi?

Na samu na leƙa kicin ɗin ta hannun wani ɗan Madagaska da ke aiki a ciki, muna haɗuwa da shi a masallacin Juma'a. Ɗakin sanyi guda na kifi, guda na nama, guda na ganye. Kowace roba da takarda manne a jikinta, an rubuta ranar da aka buɗe ta. Katakon yanka ma launi-launi ne, na kaza ba ya taɓa salak. Duk wannan wuta ce ke riƙe da shi, kuma wutar ba ta cika ɗaukewa ba sai in guguwa ta zo. Wani kaso nata ma daga tuƙar rake ake samarwa, bayan an matse ruwan a ƙona ta a injin. Na tuna kajin da kika yi asara a bikin nan na Unguwar Rimi da firiza ya kwana ba wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Ba ƙwarewa suka fi ki ba a nan wurin, kayan aiki ne. Gas ɗin girki da fulawa da wata shinkafar talaka duk gwamnati na tallafa wa farashinsu, shi ya sa burodin safe bai fi ƙarfin kowa ba.

Kada ki ce aljanna nake ba ki labari. Ruwan famfo da rani sai an yi rabo, awa kaza a wannan unguwa, awa kaza a waccan, kusan kowane gida da tankinsa a kan rufi, ga otal kuma da tafkunan wanka cike. Daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin guguwa ne. Wadda aka kira Belal a Janairun 2024 har motoci ta kwashe a titunan Port Louis, kuma duk bayan irin wannan, tumatir da ganye sai su yi tashin gwauron zabo. Kin tuna 2016 da tsutsa ta cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa? To su kusan duk shekarar da guguwa ta yi ƙarfi sai sun ɗanɗana irin haka. Gari kuma da wuri yake mutuwa. Kafin isha'i yawancin shaguna sun rufe, motocin haya sun yi wuya. Mai shayin da za ki samu sha ɗayan dare ya soya miki ƙwai, babu shi.

Ciniki ma babu daɗi. Farashi na rubuce, harajin kaya kashi 15 cikin ɗari, ninki biyu na namu, an riga an lissafa. Ba tayi, ba albarka, ba gyara, balle ki ce a rubuta miki zuwa ƙarshen wata. Masu hidimar otal makaranta suka yi musamman don wannan, akwai ta gwamnati a Ebène kusa da ofishinmu, inda ake koya musu har ta wane gefe ake ajiye faranti. Fara'arsu ba ta yankewa, sai dai fara'ar aiki ce, in kin dawo gobe haka za a yi wa wanda ya gaje kujerarki. Mafi ƙarancin albashi ya koma rupi 16,500 na kuɗinsu a wata a farkon 2024, a otal ɗin kuwa akwai ɗakin da kwanansa ɗaya ya haura haka nesa ba kusa ba. Wanke-wanke da gashin burodi, da yawa 'yan Bangaladash da Nepal da Madagaska ne ke yi.

In da zan ba ki shawara, ƙananan lomomin nan ki bar musu kayansu, ranar da kika gwada a Tudun Wada sunanki ya ɓaci. Amma tambayar uwar biki tun da wuri ko cikin baƙinta akwai masu ciwon suga ko hawan jini, a yi musu nasu daban, wannan ba ya cin ko kwabo. Haka ɗan kati a gaban kowace kula, a rubuta abin da ke ciki da inda kayan suka fito. Yaranki masu rabo kuma a raba musu tebura tun kafin a fara, kowa ya san nasa, a daina rububi a bakin tukunya. Ki gwada zuba mazarƙwaila a 'yan ƙananan kwalaye masu sunanki cikin kayan rabon amarya, mu ga abin da mutane za su ce.

Wanda zai taho wata mai zuwa ya yarda zai riƙo mini saƙo. Ki haɗo yajin ƙuli da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, duk a daka, a ɗaure da kyau, a rubuta sunan kowanne a jiki don sai ya nuna wa jami'an filin jirgi. Kilishi kam kada ki wahalar da kanki, ba sa barin nama ya shigo, ƙwacewa za su yi. Ki gaida Hajiya, ki ce mata in za ta kira ta riƙa tunawa muna gabanku da awa uku.