Igiyar butil da na liƙe fitilar motata da ita: abin da na gani bayan damina

Duk mai mota a Damagaram ya san yadda ruwan Agusta yake yi mana. Garin bisa dutse yake zaune, ƙasa ba ta shanye ruwa da sauri, sai ya bi tituna yana gudu, kai kuma dole ka kutsa ciki. Motata tsohuwar Corolla ce, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, kuma fitilarta ta hagu ta daɗe tana shan ruwa. Ba gumin nan na safiya ba da ke bushewa in rana ta ɗaga, ruwa ne sosai yake kwanciya a ƙasan gilashin. Kafin daminar bana na liƙe ta da igiyar butil, wata baƙar roba mai danƙo da ake sayarwa a naɗe. Wani mai kayan mota ne ya sa aka kawo mini daga Kano, kuɗinta bai kai jikka biyar ba. Yanzu da ruwa ya ɗauke, zan iya faɗin ra'ayina: ta yi aiki, kuma ita nake ba kowa shawara, amma da sharaɗi.

Sharaɗin shi ne ka fara sanin ta inda ruwan yake shiga. Fitilar mota ba a rufe take ruf ba. A bayanta akwai ƴan ƙofofin shan iska, wasu da lanƙwasasshen bututun roba, domin iskar ciki tana kumbura in ƙwai ya yi zafi, tana tsukewa in ya huce. In ka ga hazo kaɗan a gefen gilashi bayan an yi ruwa, ka kunna fitila ya tafi, wannan ba ciwo ba ne. Ciwon shi ne ɗigo manya-manya ko ruwa kwance. Hanyarsa uku ce galibi: tsagewar gilashi ko ta bayan fitilar, murfin robar da ke rufe wurin ƙwai, sai kuma danƙon da ya haɗa gilashi da jikin fitila. Zafin Afrilu da Mayu, da yake wuce digiri 40, shi ke busar da wannan danƙo har ya tsattsage. Nawa matsalar ke nan. Na cire fitilar, na zare ƙwai, na toshe ƙofofin da yatsa, na shafa ruwan sabulu a kan haɗin ina hura iska ciki, sai ga kumfa tana tashi a kusurwar sama.

A gareji da na fara nuna ta, maigidan wurin cewa ya yi: "Alhaji, kawo silikon mu zagaye ta, yanzu ka tafi." Na ce masa: "Maigida, bari dai in buɗe ta in ga cikinta tukuna." Ban ga laifinsa ba, abin da akasarin mutane ke nema ke nan. Amma silikon ɗin da aka fi samu a kasuwa, mai warin tsami mai shiga hanci, na gilashin taga ne da bayan gida. Yayin da yake bushewa yana fitar da sinadari mai tsami da ke cin ƙarfen wayoyi, yana kuma iya dusashe madubin cikin fitila. Ga shi ba ya kama robar jikin fitila da kyau. Rana ta buge shi ya ɗago, ruwa ya bi ta ƙarƙashinsa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda wasu ke toshe har ƙofofin shan iskar da shi. Daga nan duk laimar da ta shiga ba ta da mafita, fitila ta dawwama cikin hazo.

Butil ba haka take ba. Ba ta saurin bushewa ta yi tauri, da zafi take laushi, shi ya sa gobe in kana son sake buɗe fitilar za ka iya. Irinta ce masana'anta ke sa wa motoci da yawa tun asali.

Aikin dai yana son haƙuri. Na ajiye fitilar a rana tsaka cikin baƙar leda don danƙon ya saki, sannan na bi haɗin da na'urar busar da gashi, ina ɗaga gilashin a hankali da bakin turnabis bayan na kwance ƴan ƙugiyoyin da ke riƙe da shi. Wanda ya yi gaggawa a nan zai karya ƙugiya, kuma ba a sayar da ita daban. Inda aikin ya fi cin lokaci shi ne kankare tsohon danƙo daga cikin kwarin da gilashin ke zama ciki. In ka bar ragowa, sabuwar ba za ta zauna daidai ba. Madubin ciki kuwa kada ka kuskura ka goge shi da tsumma, fentin aluminiyam ne siriri, shafa ɗaya yake barin tabo. Na bar komai ya bushe sarai, na shimfiɗa igiyar cikin kwarin ba tare da na ja ta ta sirance ba, na haɗa bakin biyu a ƙasa, na sake ɗumamawa, na danna gilashin har ƙugiyoyi suka kama.

Inda ban ji daɗinta ba: tana manne wa hannu kamar ƙaro, kuma a zafinmu takardar da ke raba naɗin tana liƙewa, sai ka sa ta a inuwa ko kusa da randa kafin ka fara. Ba ta zo da bayani ko na layi ɗaya ba. Kuma ba kowace fitila take buɗuwa da zafi ba. Wasu motocin zamani da danƙo mai tauri aka haɗa su, wannan kam a kai wa gwani. In gilashin ne ya tsage, butil ba za ta yi maka komai ba.

Tun da fitilar tana hannuna, sai na duba sauran. Murfin robar baya na canja shi, don ya fara tsagewa. A nan ina jan hankalin masu sa ƙwan LED: da yawa suna yanke murfin nan don fankar ƙwan ta samu wuri, su bar ƙofa a buɗe ga ruwa da ƙura. Bututun shan iska na tarar ƙurar hunturu ta cushe shi, na wanke. Ƙwan kuma na halojin ne, irin wanda ake kira H4, mai wat 60 da 55. Da tsumma mai tsabta na riƙe shi, domin maiƙon yatsa a jikin gilashin halojin yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima ya mutu da wuri. Bakin wayoyin da ya yi kore na kankare.

Damina ta zo, na bi ruwa a Sabon Gari da hanyar Mirya, motar ta kwana waje ana tafka ruwa, ban ga ɗigo ɗaya a ciki ba. Hazo kaɗan ya kan fito da asuba, ya watse da kansa. Hasken ma ya ƙaru, raguwarsa ce ta fi damuna tun farko, don mai tafiya Matamaye da dare ya san yadda amalanke ko raƙumi ke bayyana gabanka ba fitila ba alama. Abu ɗaya na ƙara: na roƙi yaran da ke wanke mini mota su daina dosa bakin injin feshi a kan haɗin fitila, musamman in tana da zafi. Ragowar igiyar ta isa fitilar dama, ita zan yi kafin zafi ya dawo.