Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci: ku kiyayi mai tallar ƙafafun MG a Facebook

Jama'a, jaka 300 na sefa na yi asara, kuma saura ƙiris rai ya bi kuɗin, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Mutanen Garwa da dama sun san jar motar nan ƙirar MGB ta 1969 da na gada wurin baffana, wadda ya saya hannun wani Bature da ya yi aikin auduga. A Abingdon ta Ingila aka ƙera irinta daga 1962 zuwa 1980, don haka kayanta ba a kasuwa suke zube ba. Ƙafarta ma daban ce: rim ne inci 14 mai wayoyi kamar ƙafar keke, kuma babu notuna huɗu irin na sauran motoci. Noti guda ne babba mai kunne biyu a tsakiya, ana bugunsa da guduma ta tagulla ko ta darma. Abin da ke riƙe ƙafar ta juya tare da mota wasu ƙananan haƙora ne a cikin cibiyar rim, da ke shiga cikin na ƙarfen da take zama a kai.

Wani mutum ya saka hoto a Facebook, wai yana da shago a Duwala, yana da rim huɗu da tayoyinsu, 165 R14, "sababbi daga Turai". A hoto sai sheƙi suke. Ya ce jaka 600, rabi ta waya kafin ya ɗora a mota, rabi in kaya sun iso. Na ce ya turo hoton cikin cibiyar, ya ce an riga an naɗe kaya a leda. Nan ya kamata in tsaya. Ɗoki ya hana.

Kaya suka iso, na kai wa tsohon bakanikenmu. Bai ko kalli fentin ba. Ya goge tsohon giris da tsumma, ya sa ɗan yatsa a haƙoran, ya ce, "Ɗana, taɓa nan." Haƙori mai lafiya kansa a shafe yake. Waɗannan sun yi tsini kamar bakin zarto. Ya ce, "In ka ɗaura wannan, za ka riƙa jin ƙwas duk sanda ka tashi mota ko ka taka birki, zai cinye haƙoran ƙarfenka masu kyau, wata rana kuma birki ya kama ƙarfe ƙafa ta ci gaba da juyawa." Na ce, "Baba, ai an yi musu fenti sabo." Ya ɗauki sifana ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wayar da ta ɗaure ƙara take kamar tsirkiyar garaya, mai sako-sako kuwa sai ta ce ɓus. A rim ɗaya kaɗai muka ƙirga tara, biyu ma fentin ne kawai ya riƙe su.

Tayoyin su suka fi ba ni tsoro. A gefen taya akwai rubutu da ke farawa da DOT, ƙarshensa lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. A uku daga ciki an goge wurin da sanfefa aka shafa baƙin mai. Ta huɗun ya manta, domin lambar tana gefen ciki: lamba uku ce. Tun shekarar 2000 aka daina sa lamba uku. Ke nan tayar ta girmi ɗana da ya yi aure bara, alhali masu ƙera taya da kansu suna cewa kada ta wuce shekara 10 ko da zanenta bai cinye ba. Zanen ma sassaƙa shi aka yi da wuƙa mai zafi, abin da ake yi wa tayar babbar mota da aka ƙera don haka, ba ta ƙarama ba. Ku tuna da kwaltar Garwa zuwa Marwa a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, a kan roba irin wannan.

Da mai faci ya buɗe ɗaya, tif ɗin ciki faci biyar, kuma babu robar da ake zagaya wa rim don kada kan wayoyi su huda shi.

Na kira mutumin. Abin da ya fara fitowa bakinsa shi ne ban iya ɗaurawa ba, wai na juya notin baibai. Ni da na sani tun ina yaro cewa notin gefen dama zarensa na hagu ne, kuma ko wane gefe wajen bayan mota ake bugun kunnen sama in za a ɗaure! Na ce masa ba a ma ɗaura ba tukuna. Ya kashe waya, washegari ya toshe ni. Makon jiya wani abokina a Ngaundere ya turo mini hotunan nan dai, da sabon suna da sabuwar lamba, yanzu wai shagon yana Yawunde.

Duk wanda ya yi muku tallar irin wannan, ku ce ya wanke giris ya ɗauki bidiyon haƙoran kusa-kusa, ya nuna lambar DOT ta kowace taya, kuma wani naku ya je shagon da ƙafarsa kafin dala ta fita. Rim huɗun suna nan a garejin Baba. Mai son ganin yadda cinyayyen haƙori yake ya biyo da hantsi, kafin rana ta yi zafi.