Wasannin kwali na addini a Ingila: wanda ya cancanci a aiko da wanda gara a haɗa a gida

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaishe ku da Hajiya da yara baki ɗaya, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Ga bayani kan wasannin kwali masu koyar da addini da kuka ce a duba wa yara da ɗaliban Islamiyyarku. A karanta kafin kowa ya turo kuɗi.

A nan Birmingham, cikin Disamba, magariba kan yi wajen ƙarfe huɗu na yamma, sanyi kuma ba ya barin yaro ya leƙa waje. Shi ya sa iyalai da yawa ke ware dare ɗaya a mako su zauna su yi wasa tare. Kasuwar ta girma har ana yi mata baje koli duk shekara a garin nan, UK Games Expo, ban da babban na Essen a Jamus cikin Oktoba. Na Musulunci ɗan ƙaramin yanki ne a ciki. Ana samun su a shagunan littattafan addini na Coventry Road da Alum Rock Road, ko ta intanet. Waɗanda aka fi gani na kamfanin Goodword ne da ke Delhi ta Indiya, irin su Quran Challenge Game da Hadith Challenge Game da Hajj Fun Game. Akwai kuma 5Pillars na kamfanin Zileej, mai tambayoyi kan shika-shikan Musulunci biyar, ya fi su kyan bugu, ya kuma fi su tsada. Farashi dai daga wajen fam 10 zuwa 30 ne. Kiristoci ma na da nasu, kamar Settlers of Canaan na 2002, wanda aka ɗauko tsarinsa daga Catan, wani shahararren wasan kwali, aka mayar da shi ƙasar Kan'ana.

Wajen kyan kaya, na nan sun yi gaba: launi ya fita, katunan na da kauri, ga takardar ƙa'idoji da ta lissafa duk abin da ke cikin kwalin. Amma wajen ƙarko ban ba su ba. An yi su ne don tebur a ɗaki mai sanyi. Ludon nan na Kasuwar Sabon Gari mai firam ɗin katako da gilashi a sama ya fi su jure ƙurar hunturu da zubewar kunu. Faifan na Ingila kuwa kwali ne mai naɗewa, daga wurin naɗin yake fara tsagewa, laimar damina na lanƙwasa shi, gara kuma ba ta raga masa.

Inda suka fi mu nesa ba kusa ba shi ne haƙƙin mai saye. Abin da aka saya ta intanet, doka ta ba da kwana 14 a fasa ko ba dalili. In kaya na da aibi, kwana 30 a mayar a karɓi kuɗi. Don haka duk wanda zai aiko, ya buɗe kwalin tun yana nan, ya ƙirga katuna da 'ya'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye rasit. In an gano rashin kati goma a Kano, magana ta ƙare. A shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji ana tsintar wasanni a fam biyu ko uku, sai dai na Musulunci ba su cika faɗowa can ba, kuma a can ne aka fi samun masu giɓi. A lura da alamar jan da'ira mai fuskar jariri da 0-3: tana nufin bai dace da yaro ƙasa da shekara uku ba, galibi saboda ƙananan abubuwa da zai iya haɗiyewa.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da aka rubuta a katunan. Kusan duk da Turanci ne, wannan kun sani. Wanda ba a cika lura da shi ba shi ne mazhaba. A Indiya da Pakistan Hanafiyya ce ta fi yawa, kuma kayan koyarwar da ke fitowa daga can sukan bi ta. A Hanafiyya farillan alwala huɗu ne. Yaronmu da ya karanta Ahalari ko Ishmawi zai ce bakwai, kuma daidai ya faɗa. A wurinsu wutiri raka'a uku ce da sallama ɗaya, mu kuwa shafa'i biyu, a sallame, sannan wutiri ɗaya. In kati ya kayar da yaro a kan amsar da malaminsa ya koya masa, an jefa shi cikin ruɗu, wani ma ya fara shakkar malamin. Haka batun riwaya: katunan na bin lissafin mushafin Hafsu, inda Baƙara ke da aya 286, alhali a mushafin Warshu na makarantun allonmu 285 za a gani. Maganin wannan zama ɗaya ne: malami ya bi katunan tun kafin a ba yara, ya ware masu saɓani, ko ya manna farar takarda ya rubuta amsar Malikiyya.

Sai ladabin ayoyi. A nan kan tebur ake wasa, mu kuwa kan tabarma. Duk faifai ko katin da ke ɗauke da aya da Larabci ko sunan Allah zai sauka ƙasa, ƙananan yara su tsallake shi, wani ya sa a baki. A ɗora shi kan ƙaramin tebur ko babban faranti, wanda ya lalace kuma a yi da shi yadda ake yi da tsohuwar takardar Alƙur'ani, kada ya je bola.

Batun dayis ma a yi shi a fili, tunda hadisin hani ga nardi, wani wasa da ake yi da dayis, yana cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, malamai kuma sun saɓa kan wasan yara da babu caca a ciki. Wasu kamfanoni sun kauce da sa kibiya mai juyawa. Aibinta, in ƙusar tsakiya ta matse ba ta juyawa, in kuma an aza ta wurin da ya karkata sai ta riƙa tsayawa kan lamba ɗaya. Abin da ya fi ta: katuna 24, lamba 1 zuwa 6 sau huɗu, a gauraya, kowa ya ja ɗaya.

Ta fuskar daɗin wasa, mafi yawansu kacici-kacici ne kawai aka shimfiɗa a kan hanya mai gidaje. Babu dabara irin ta dara, inda mutum ke da 'ya'ya 12 a ramuka 30 yana ƙulla yadda zai jera uku. Wanda ya fi karatu shi ke ci kullum, ƙannen su gaji, bayan 'yan makonni kuma an haddace amsoshin. A raba yara rukuni biyu ko uku, a haɗa babba da ƙarami, a sa doka cewa ƙaramin ne zai fara amsawa. Kada zama ya wuce minti 40, a tsayar da shi tsakanin magariba da isha'i ko bayan isha'i.

Wajen aikowa, rabin kwalin iska ce, jakar jirgi kuma kilo 23 ce. A fitar da kayan, katuna su shiga leda mai zif, faifan ya kwanta tsakanin tufafi, a buɗe kwalin a shimfiɗe shi ko a bar shi.

Shawarata, a sayi ɗaya ko biyu don a ga tsari, sauran a haɗa a gida da Hausa. Maciji da tsani ma asalinsa wasan tarbiyya ne na Indiya, tsani kyawawan halaye, maciji munana, kafin ya shigo Ingila a ƙarshen ƙarni na 19, daga baya kuma aka cire masa darasin. Mayar da shi ba wuya. A takardar A3 a ja gida 100, goma-goma, kowane gida santimita 2.8. Tsani shida a kan irin su gaskiya, sada zumunci, biyayya ga iyaye; maciji shida a kan ƙarya, gulma, hassada. Katunan tambaya a buga su a kati mai kauri na A4, a raba kowanne gida takwas. Guda 15 za su ba da kati 120, arba'in-arba'in ga ƙanana da matsakaita da manya, kowane mataki da launinsa. Maimakon rubuta aya, a sa sunan sura da lambarta, yaro ya karanto da ka. A yanka katunan kafin laminetin, a jera su da tazara, sannan a sake yankewa a bar bakin leda kamar milimita uku. In aka yanka daidai bakin takarda, ledar kan ɓare, ruwa ya shiga. Murafen kwalba masu launi daban-daban sun isa 'ya'yan wasa.

Ku turo mini yawan ɗaliban da shekarunsu da littattafan da suke kai, don a san wanda za a saya. Malam kuma ya fara tsara tambayoyin daga Ahalari da Arba'una Hadisi. A gaida kowa da kowa.