Yawon gonakin inabi na Mosel a watan Oktoba: ra'ayin wanda ba ya shan giya

Tun da na sa hotunan tafiyarmu mutane ke ta min magana ta inbos, wasu na tambaya ina ne wajen nan, wasu kuma da zolaya wai Malam me ya kai ka garin giya, to bari kawai in rubuta gaba ɗaya kowa ya huta. Yawo ne na wuni ɗaya da muka biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido a yankin kogin Mosel da ke Jamus, ni da madam da Yayana da ya zo mana ziyara, tsakiyar Oktoba. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba saboda akwai ƙorafi a ciki. A taƙaice na ba su taurari 4 cikin 5, kuma ɗayan da na cire ina da dalili.

Abin da ke cikin kuɗin: jirgin ruwa daga Cochem zuwa Beilstein, ƙaramar bas zuwa Bremm, tafiya a ƙafa cikin gonakin, sai zama a gidan wani manomi ana ɗanɗana abin da suke yi. Lokacin da nake yin rajista na rubuta musu ƙarara cewa mu uku ba ma shan giya kuma ba ma cin naman alade, suka amsa da imel wai babu damuwa an lura. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Mun shigo jirgin ƙasa daga Koblenz da safe, nan ne Mosel ke haɗuwa da kogin Rhine bayan ya taso tun daga duwatsun Vosges na Faransa ya bi ta iyakar Luksamburg, sama da kilomita 500. Layin dogon yana bin gefen ruwan, to ka samu kujerar taga ta ɓangaren kogi. Sai dai ranar hazo ne ya rufe ko'ina, fari fat, har Yaya ya fara mita wai wannan ne abin da na taso shi da asuba ya zo gani? Da muka sauka Cochem ko fadar nan ta kan dutse da ake sakawa a duk hotunan garin ba a gani. Jagorarmu, wata dattijuwa ce mai farin gashi da takalmin hawan dutse, ta ce mu ba shi zuwa sha ɗaya. Wallahi kamar ta yi alkawari da rana, sha ɗaya da 'yan mintuna hazon ya fara yayewa daga sama, fadar ta fito tukuna, sannan tsaunin, sannan layin inabi rawaya shar har bakin ruwa. Nan Yaya ya yi shiru ya zaro waya.

Ita fadar, Reichsburg, jagorar ta ce mana abin da muke gani ba asalin ginin ba ne, sojojin Faransa sun rushe shi a 1689, ya zauna kango kusan shekara 200 kafin wani attajirin Berlin, Louis Ravené, ya saye shi a 1868 ya sake ginawa yadda ransa ke so. Ba mu shiga ba, ba ya cikin tsarin, kuma ban ji haushi ba, daga ƙasa ma ya fi kyau.

Jirgin ruwan kusan awa ɗaya ne. Akwai sanyi a saman bene, iska na yankan kunne, amma duk wanda ya zauna a ciki bayan gilashi ya yi asarar kuɗinsa. Wajen Fankel jirgin ya shiga wani dogon akwatin siminti aka rufe ƙofa ta baya aka sako ruwa, muna tsaye muna ji ana ɗaga mu a hankali har muka yi daidai da ruwan gaba, madam ta riƙe hannuna gam tana salati, ni kuma ina nuna jarumta alhali cikina ya ɗan ɗuri ruwa. Irin waɗannan madatsun ne suka sa manyan jiragen kaya ke iya bin kogin tun 1964. Beilstein ƙauye ne ɗan mitsitsi, minti 40 aka ba mu kuma ya isa.

Inda kuɗina ya fita shi ne Bremm. Akwai wani tsauni da ake kira Calmont, wanda ake cewa gonar inabi mafi tsayuwa a Turai, gangarensa na kaiwa digiri 65 a wasu wuraren. Lamba ce kawai har sai ka tsaya a gindinsa ka ɗaga kai hularka ta faɗi. Kai jama'a, mutane ne ke noma a jikin bango! Nan na yi wa jagorar tambayar da ke cina tun safe, na ce ga fili shimfiɗe a ɗaya gefen kogin, me ya sa sai nan? Amsar da ta ba ni ita ce ta sa na fahimci yankin gaba ɗaya. Wajen yana arewa sosai, kusan layin digiri 50, rana ba ta hawa tsakiyar sama sai dai ta biyo ta gefe, to idan gonar ta jingina tana fuskantar kudu sai hasken ya dake ta kai tsaye, kowane layi ya samu rabonsa ba tare da na gaba ya yi masa inuwa ba. Ƙasar kuma ba ƙasa ba ce, ɓaraguzan wani dutse ne mai falle-falle, baƙi-baƙi, yana shan zafi da rana ya riƙa sakinsa da dare. Ta sa muka ɗauki falle ɗaya a hannu, iska na da sanyi amma dutsen ɗumi gare shi kamar wanda aka ajiye kusa da murhu. Shi ma kogin yana taimakawa, yana maido da haske sama kuma yana rage kaifin sanyin dare. Duk wannan dabarar don a samu inabi ya nuna ne kawai a inda bai kamata ya nuna ba.

Shi ya sa ma kaka ce lokacin zuwa. A wuraren zafi tuni an gama girbi, amma irin inabin da ake kira Riesling, wanda shi ne fiye da rabin abin da ake shukawa a Mosel, ba ya gaggawa, yana nuna a hankali har cikin Oktoba, zaƙi na taruwa amma tsamin bai gudu ba saboda sanyin dare. Ta tsinko mana 'yan ƙwayoyi daga gonar danginta, ƙanana ne, kore mai ruwan zinare da ɗigo-ɗigo, da 'ya'ya a ciki, fatar da kauri, ba irin manyan nan na kanti ba. Ka tauna sai zaƙi ya fara zuwa sannan tsami ya biyo ya wanke bakin tas, har ka ji yawu na tsinkewa. Yaya ya ce a ƙaro. Wasu nonnan kuma sun yamutse sun yi furfura kamar sun lalace, na ce wannan ai asara ce, ta yi dariya ta ce wani lokacin shi ne mafi tsada, wata irin fumfuna ce da hazon safe ke kawowa, tana huda fatar ruwa ya fita sukari ya tattaru. Akwai ma waɗanda ake bari a jikin itacen har sai sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifili a tsinke su a daskare, shi kuma caca ce, wata shekarar sanyin ba ya zuwa.

Mun tarar ana girbi. Babu tarakta a nan, ina za ta tsaya? Almakashi ne da bokiti, wani kuma da babban kwando a goye yana bi yana karɓa. Kowane itace an ɗaure shi a jikin sandarsa shi kaɗai, an lanƙwaso rassa biyu sun yi siffar zuciya, don mutum ya iya ratsawa ta ko'ina. Akwai wani siririn dogo guda ɗaya da ke hawa tsaunin da ɗan inji da kujera, Monorack suke ce masa, shi ke sauko da kaya, ganinsa kaɗai ya sa ƙafata rawa. Yawancin masu tsinkan daga gabashin Turai suke zuwa aikin kaka, irin su Romaniya da Poland. Kuma in ka lura za ka ga filaye a tsakiya da ciyawa da ƙaya suka cinye, gonakin da aka bari ne saboda wahalar ta ninka ta fili sau da yawa kuma yaran gidan sun tafi birni. Wannan ya ɗan taɓa min zuciya gaskiya, ita ma jagorar da ta zo nan muryarta ta sauka.

Akwai hanyar hawa tsaunin mai igiya da tsani amma ba mu bi ta ba, mun ɗan hau ne zuwa inda ake hango kogin ya yi lanƙwasa kamar takalmin doki da kangon tsohon gidan ibada na Stuben a tsakiya. Ko hakan ma falle-fallen nan na zamewa ƙarƙashin ƙafa, madam da ta sa takalmi mai santsi sai da ta koma rabin hanya tana min kallon za mu haɗu a gida. Kamfanin bai faɗi maganar takalmi a saƙonsu ba, ya kamata su faɗa.

To yanzu ga inda tauraro ɗaya ya tafi. Mun isa gidan manomin da yamma, an jera tebur a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa mai sanyi, kowa da kofuna a gabansa. Ashe ofis ba su sanar da shi komai game da mu ba. Matarsa ta zo da fara'a ta zuba mana wani abu fari-fari mai gurɓi kamar an dama, yana 'yan kumfa, ƙamshinsa daɗi kamar jus. Yaya har ya kai hannu, Allah ya taimake ni na tambaya. Federweisser ne. Don Allah duk wanda ba ya sha ya haddace sunan nan, saboda a kaka ko'ina za ka gan shi, a bakin titi, a kasuwa, a kan tebur. Ruwan inabi ne sabo da ya riga ya fara tsima, giya ce, tana kuma ƙara ƙarfi kullum tunda tsimin bai tsaya ba, shi ya sa ba a toshe murfin kwalbar gam kuma ba a kwantar da ita. Zaƙin ne ke ruɗin mutane. Abin da ake haɗa shi da shi kuma, Zwiebelkuchen, wani gasasshen abu ne mai albasa, kusan kullum da gutsattsarin naman alade a ciki, shi ne aka ajiye mana a faranti. Wato abu biyun da na rubuta a imel su ne aka fara kawo mana. Na ji kunya, matar ta fi ni jin kunya, kuma ba laifinta ba ne ko kaɗan.

Abin da za ka nema shi ne Traubensaft, shi ne zallan ruwan inabi da ba a bari ya tsima ba. Kada kuma rubutun alkoholfrei ya ruɗe ka a kwalbar da ta yi kama da ta giya, wannan giya ce aka cire mata sinadarin da ke bugarwa, kuma doka ta yarda a samu ragowar har kashi 0.5 cikin ɗari, kowa sai ya yi hukunci da saninsa, mu dai mun bar shi.

Yadda manomin ya gyara abin ne ya hana ni ba su taurari 3. Ya tashi da kansa ya ɗauko jus kala uku, na Riesling, na wani jan inabi, da wani mai gas, ya canza mana kofuna sabbi, kuma ya yi mana bayani daidai yadda yake wa masu giyar, wannan daga gonar sama ne, wannan daga ta bakin ruwa, ku ji bambanci. Kuma wallahi akwai bambanci, na saman ya fi kaifi. Matarsa ta kawo burodi da cuku da jam na wani jan ɗan itace, fiic (peach), da ake shukawa a tsakanin inabin, cikinsa ja wur, ɗan ɗaci-ɗaci. Duk da haka zaman ya yi tsawo ga wanda ba ya sha, kusan awa biyu, 'yan teburin suka fara ɗaga murya da dariya, mu kuma la'asar na neman kufce mana. Na yi wa jagorar magana ta nuna mana wani ɗaki a sama muka yi salla, babu wani kallon banza.

Na tura wa ofishin ƙorafi washegari, sun ba da haƙuri cikin layi biyu, ba su ce za su mayar da ko yuro ɗaya ba, ni ma ban nema ba.

In za ka je, ka je kafin ƙarshen Oktoba, saboda Lahadin ƙarshe ta watan ake mayar da agogo baya duhu ya fara yi tun wajen biyar, jiragen ruwan yawo ma yawanci daga nan suke ajiye aiki sai bazara. Ranar aiki ta fi, Asabar Cochem cika take maƙil. Ka tafi da jaket mai hana ruwa da tsabar kuɗi a aljihu don ba kowane manomi ke karɓar kati ba. Kuma kada ka dogara da imel kamar ni, ka faɗa wa jagora baki da baki tun a tasha, ka sake faɗa wa mai gidan da zarar kun shiga. Mun sayo kwalba shida ta jus ɗin Riesling da jam biyu, Yaya ne ya ɗauki jakar har Koblenz yana cewa nauyi, amma biyu daga ciki ya saka a akwatinsa ranar da zai tafi ba tare da ya tambayi kowa ba.