Digirin adabi, zane-zane da nazarin al'adu a Legas: abin da na tarar

Ranar da na kai wa Baba takardar samun gurbin karatu, ya daɗe yana jujjuya ta, sannan ya ce, "To, in ka gama, me za a kira ka?" Fataucin goro yake yi a Agege. Ya san likita, ya san lauya, amma karatun da ya haɗa adabi da zane-zane da al'adu a tukunya ɗaya bai taɓa jin labarinsa ba. Yanzu na kammala har na yi bautar ƙasa, ƙannenmu masu shirin JAMB kuma sai tambayata suke ko kwas ɗin ya ci wahalarsa.

Ajin farko ya rikita ni. Yau waƙa, gobe wasan kwaikwayo, jibi tarihin sassaƙa, na rasa inda aka dosa. Sai a aji biyu zaren ya fito. Wata rana malamarmu ta ce kowa ya ciro naira ashirin ya duba bayanta. Matar nan da ke gina tukunya Ladi Kwali ce, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Malamar ta ce, tulun da mace ta gina don ɗiban ruwa, yaushe yake komawa abin da ake ajiyewa a gilashi ana kallo, kuma wa yake yanke wannan hukunci? Awa biyu muka yi muna musu. Tun ina yaro nake kashe kuɗin nan, ban taɓa tambayar ko wace ce ba.

Rabin karatun garin Legas ne ya koyar da mu. An kai mu gidan tarihi na Onikan da aka buɗe a 1957, na tsaya gaban kawunan yumɓu na Nok, waɗanda daga kudancin Kaduna aka tono su. An kai mu babban gidan wasanni na ƙasa a Iganmu, inda aka yi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977. A nan na ji cewa fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia, alamar bikin, tana Ingila tun da aka kwashe ta daga Benin a 1897, kuma ko aronta ba a ba Nijeriya ba. Na kuma koyi cewa manyan masu zane irin su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, da Legas ke tinƙaho da su, a Zariya suka yi karatu.

Inda kwas ɗin ya gaza, a wurina, ɓangarenmu ne. Adabin Hausa gaba ɗayansa lacca biyu aka ba shi. An ambaci gasar rubutu ta 1933 da Abubakar Imam ya shiga, an ambaci Nana Asma'u, shi ke nan. Babu malami ko ɗaya da ke karanta ajami, ɗakin karatu kuma babu abin kirki a kan kirari ko waƙar baka. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ga tsadar fenti da takardar zane, duk daga aljihunka, ga cunkoson motocin haya na danfo kullum, ga yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya cinye mana wata takwas.

Wannan giɓin ne ya sa na ɗauki aikin babbar riga a matsayin binciken kammalawa. Akwai wani dattijo mai ɗinkin hannu a unguwarmu, na yi wata uku ina zama a gefen tabarmarsa. Ran farko na nuna aikin ƙirjin wata riga na ce, "Baba, wannan adon fa?" Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Yaro, ba ado ake cewa ba. Aska takwas ke nan. Ƙirga." Ya kama yatsana ya bi da shi kan kowace aska, sannan ya juya rigar ya nuna mini tambarin baya. Malamar da ta duba aikina Bayarabiya ce, ba ta jin Hausa, amma ta sa na kwatanta da aikin agbada, babbar rigar Yarabawa, ta kuma hana ni rubuta kalma ɗaya da ban ji daga bakin mai sana'ar ba. Wannan horon ba zan manta da shi ba.

Maganar aiki kuwa, kada a ruɗe ka. Babu kujerar da ke jiran mai wannan digiri. Cikin abokaina wasu suna koyarwa, ɗaya yana rubuta labarin fim, da yawa sun koma kasuwa. Ni ina rubuta bayanin kayan da ake baje kolinsu a wani ɗakin nunin zane a Lekki, ina haɗawa da fassara. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma ina son aikin.

In kana son karatu da yawon gani da ido, kuma gida za su iya jure tambayar da Baba ya yi mini, ka shiga. Sai dai ka zo da Hausarka da ajaminka, don a aji ba za ka same su ba, kuma ka tanadi kuɗin kayan zane tun kafin zangon farko.