Wane Tsohon Zangon Fataucin Fatu Ya Fi Cancantar Ziyara a Kanada?

Wanda ya samu kansa a Kanada yana son ganin inda aka yi fataucin fatun biba, wato dabbar ruwan nan da Turawa suka riƙa yin huluna da gashinta a da, zai tarar da zanguna da dama da aka adana, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta barin mutum ya zagaya duka a tafiya guda. Abin da ya kamata ya fara tantancewa shi ne ko ainihin tsohon gini yake son gani, ko kuwa kwaikwayon rayuwar da aka yi a ciki, domin a nan ne wuraren suka fi bambanta.

Lower Fort Garry, mai nisan kimanin kilomita 30 arewa da Winnipeg a gaɓar kogin Red River, shi ne na ba wa fifiko. Kamfanin Hudson's Bay, wanda Sarkin Ingila ya ba wa izinin ciniki a 1670, ya fara gina shi a 1830 bisa umarnin gwamnansa George Simpson, bayan ambaliyar 1826 ta lalata tsohon zangon kamfanin da ke inda birnin Winnipeg yake yanzu. Da dutse aka yi ganuwar da manyan gine-ginen, shi ya sa suke tsaye har yau, kuma baƙo zai shiga gidan gwamna da benen da ake tara fatu, ya taɓa su da hannunsa. A nan ne kuma aka sa hannu kan Yarjejeniya ta Ɗaya tsakanin masarautar Ingila da ƙabilun Anishinaabe da Cree a watan Agusta na 1871, wadda har yanzu ake taƙaddama kan yadda aka cika alkawuran da ke cikinta.

Fort William da ke Thunder Bay a jihar Ontario ya fi shi faɗi da armashi, sai dai sabon gini ne da aka buɗe a 1973, kuma ba a kan asalin filin aka yi shi ba. Yana nuna hedikwatar cikin ƙasa ta kamfanin North West, babban kishiyar Hudson's Bay kafin su haɗe a 1821, inda matuƙan kwalekwale daga Montreal ke haɗuwa da na can yamma kowace shekara a yi musayar kaya, kowannensu yana ɗaukar ƙunshi biyu masu nauyin kusan kilo 40 kowanne idan an zo inda ruwa ba ya biyuwa. Mai tafiya da yara zai fi jin daɗinsa, saboda ma'aikatan suna sanye da tufafin zamanin, suna ƙira suna gyaran kwalekwale a gaban jama'a. A lura cewa gwamnatin jiha ke gudanar da shi, don haka katin shiga na shekara na Parks Canada, hukumar tarayya mai kula da wuraren shaƙatawa da na tarihi, wanda ke aiki a sauran wuraren, ba ya aiki a ƙofarsa.

Fort Langley da ke kusa da Vancouver shi ne mafi sauƙin zuwa, kuma a cikinsa aka ayyana British Columbia a matsayin mulkin mallakar Ingila a 1858, amma rumbun ajiya ɗaya kaɗai ya rage daga tsoffin gine-ginensa.

Akwai kuma Prince of Wales Fort a garin Churchill da ke can arewa, wanda aka shafe kusan shekara arba'in ana gininsa tun daga 1731, sannan aka miƙa shi ga sojojin ruwan Faransa a 1782 ba tare da an yi yaƙi ba. Babu hanyar mota zuwa garin, sai jirgin sama ko jirgin ƙasa na kusan kwana biyu daga Winnipeg, daga nan a hau ƙaramin jirgin ruwa a tsallake kogi tare da mai gadi saboda fararen beyar da ke yawo a wurin. Wannan sai mai ƙarfin aljihu da isasshen lokaci.

Galibin waɗannan wurare suna cikakken aiki ne daga watan Mayu zuwa farkon Satumba, saboda haka a duba ranakun buɗewa kafin a yanki tikiti, kuma a wuraren da ke ƙarƙashin Parks Canada ba a karɓar kuɗin shiga daga 'yan shekara 17 zuwa ƙasa.