Hattara da masu sayar da fulat a Abuja tun ba a gina benen ba

Wannan gargaɗi ne ga ma'aikata da 'yan kasuwa masu zaman haya a Abuja, musamman masu ɗaki da falo a Kubwa, Nyanya, Lugbe da Dutse Alhaji, waɗanda ƙarin kuɗin haya ya ishe su suke neman nasu na kansu. Ku ake farauta. Damfarar sayar da fulat a benen da ba a gina ba ta yi ƙamari, kuma masu yin ta sun san lagon ɗan haya: ya tara 'yan kuɗinsa, hayarsa ta kusa ƙarewa, mai gida ya aiko da sabon farashi, yana neman mafita kafin wa'adi ya cika.

A Facebook ko Instagram ake fara ganin tallar, ko wani ya turo ta a zauren WhatsApp na ofis. Bene hawa huɗu mai ƙyalli, da furanni da motoci a harabarsa, amma duk zanen kwamfuta ne. Farashin ya yi ƙasa da na unguwar sosai. Za a ce ka ba da kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, sauran ka biya cikin wata 12 ko 24. Ranar Asabar a kwashe ku a bas kyauta zuwa filin. Can za ka tarar da katanga, da ƙofa mai fenti, da tutoci, da tulin bulo, da ramin fandesho, wataƙila da leburori biyar suna kwaɓa siminti. Sai wata budurwa mai riƙe da fayil ta ce maka fulat uku kacal suka rage, kuma ranar Litinin farashi zai tashi. Ka biya kuɗin fom, ka biya kafin alƙalami, a ba ka rasit da wasiƙar da ke cewa an ware maka fulat lamba kaza. Bayan wata shida ka koma, bulon nan yana nan yadda ka bar shi, ciyawa ta rufe ramin.

Ba duk mai sayar da gida kafin gini ne ɓarawo ba. Akwai kamfanoni masu amana da ke gamawa su miƙa makulli. Amma ko a hannun mai amana, cinikin biri a sama ne, don haka takardu kaɗai ne garkuwarka, kuma a nan ne mutanenmu suka fi sakaci.

Wanda ya sayi fulat a bene bai sayi fili ba. Fulat 12 na iya zama a kan fuloti ɗaya, kuma fulotin nan takarda ɗaya gare shi. A dokar filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna, ta Abuja kuma tana hannun Gwamnatin Tarayya, Ministan Abuja ne ke ba da ita. Takardar mallaka, wadda kowa ya sani da C of O, izinin zama ce na wani wa'adi, galibi shekara 99. Haƙƙinka a fulat ɗinka rataye yake a jikin wannan uwar takarda. Idan ta lalace, naka ya lalace, ko da ka biya kuɗinka cas, ko da ka tare ka sa labule. Wasiƙar da kamfani ya ba ka alkawari ce tsakaninka da shi, gwamnati ba ta san da zamanta ba.

Lalacewar uwar takarda kuwa iri-iri ce. Wani kamfanin filin ba nasa ba ne sam: yarjejeniya ya yi da mai filin cewa zai gina su raba fulat-fulat. Ranar da suka ɓata, mai fili ya kulle ƙofa ya tafi kotu, kai kuma ba ka da wata alaƙa da shi a rubuce. Wani takardar hakimi ko ta ƙaramar hukuma yake riƙe da ita, alhali a cikin Abuja Minista kaɗai ke da ikon ba da fili. Masu irin waɗannan takardu su ne aka fi shafa wa jan fenti, kamar yadda aka gani a rusau ɗin rukunin gidaje na hanyar filin jirgi a 2012. Wani kuma takardarsa sahihiya ce, amma ya kai ta banki jingina ya ci bashi. Wannan ta fi zafi, domin ginin zai iya kammaluwa ka shiga, sai bayan shekara biyu ma'aikatan kotu su liƙa takarda a ƙofa cewa banki zai sayar da benen ya fanshe kuɗinsa. Akwai kuma mai nuna maka takardar gaske ta wani fuloti daban, ya kai ka wani wurin daban. Filin da ka taka yana iya zama hanyar ruwa, ko wurin da aka ware wa lambu ko titi. Ambaliyar da ta cinye gidaje a wani rukuni a Lugbe a watan Yuni na 2023 ta nuna abin da gini a bakin hanyar ruwa ke jawowa.

Saboda haka kafin ko kwabo ya fita daga hannunka, ɗauki lauyanka. Naka, wanda kai za ka biya. Idan kamfani ya ce yana da lauyan da zai yi maka komai kyauta, ka gode masa ka ƙi, don lauyan nan kamfani yake yi wa aiki. Lauyanka ya nemi kwafin uwar takarda, da lambar fayil, da lambar fuloti, da sunan shiyyar da filin yake, ya shigar da bincike a AGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen Abuja. Sakamakon zai nuna sunan mai filin, da girmansa, da abin da aka ba da shi a yi, da ko akwai jingina ko ƙorafi da aka yi wa rajista a kansa. Kamfanin da ya hana ka kwafin takardarsa, ko ya ce "tana kan hanya", ya riga ya ba ka amsa. Bayan haka ɗauki safiyo mai rajista ya je filin da na'urarsa ya ɗauki ma'aunin kusurwoyinsa, a gwada da abin da ke jikin takardar. Mutane kan tsallake wannan matakin don ƙyashin kuɗin safiyo, alhali shi kaɗai ke kama mai nuna takardar wani wuri.

A kula da iyaka ma. Ana tallar gidaje da sunan Abuja alhali a Mararaba ko Masaka suke, wato jihar Nasarawa, ko Madalla da Suleja a jihar Neja. Ba laifi ba ne saye a can, amma binciken ba a AGIS yake ba. Na Nasarawa a NAGIS ake yi. Mai saye a Kaduna ya nufi hukumar filaye ta KADGIS da ta tsara birane ta KASUPDA, na Kano kuma takwarorinsu KANGIS da KNUPDA.

Sai izinin gini. A Abuja sashen kula da gine-gine na hukumar birnin ne ke sa hannu a taswira. Nemi ganin taswirar mai hatimi, ka ƙirga hawa nawa aka amince, fulat nawa a kowane hawa. Abin da ake yi shi ne a karɓi izinin hawa uku a ɗora na huɗu da na biyar, kuma fulat ɗin sama su ake karyar wa farashi. Fandesho da ginshiƙai da rodin da aka lissafa wa hawa uku ba su san da ƙarin nauyin ba. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe fiye da mutum 40, kuma ana cikin ginin sa ne. Ko ginin bai faɗi ba, hukuma na da ikon sauke hawan da aka ƙara.

Binciki kamfanin kansa a shafin CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista: yaushe aka yi masa rajista, su wa ke da shi. Kamfanin da bai shekara ba amma yana tallar rukuni biyar a lokaci guda, da kuɗin sababbin masu saye yake toshe bakin tsofaffi. Ce su nuna maka rukunin da suka gama, ka je kai kaɗai ba tare da ɗan rakiyarsu ba, ka zauna da maigadi da mazauna. Tambaye su yaushe aka yi musu alkawarin makulli, yaushe suka karɓa, kuma ko an ba su takarda da sunansu.

Idan duk wannan ya fita tsaf, a zauna kan yarjejeniya. Dole ta faɗi lambar bene, da hawa, da lambar fulat, da faɗinsa a murabba'in mita, da wurin ajiye mota, da ranar miƙa makulli, da tarar da kamfani zai biya kowane wata idan ya saɓa, da yadda za a mayar maka da kuɗinka. Rashin rubuta lambar fulat shi ke ba da damar sayar da ɗaya ga mutum uku. A duba sakin layin da ke ba kamfani ikon ƙara farashi idan kaya sun yi tsada. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 bayan ana sayen sa wajen 5,000 a 2023, kuma da wannan sakin layin aka riƙa ɗora wa masu saye ƙarin miliyoyin naira. Ko a cire shi, ko a sa masa iyaka a rubuce. Biya kuma ya bi aiki: kaso idan an gama fandesho, kaso idan an zuba dekin hawanka, kaso bayan rufi, kaso bayan filasta da wayarin. Riƙe aƙalla kashi 10 sai ka karɓi makulli ka duba komai. Kuɗi su shiga asusun kamfani mai suna iri ɗaya da na rajistarsa, a rubuta lambar fulat a bayanin turawa. Asusun manaja ko na dillali, ko tsabar kuɗi a jaka, a'a. Kuma a rubuta cewa kamfani zai sa hannu a takardar miƙa mallaka da sunanka, a nemi amincewar Minista, a biya kuɗin hatimi, a yi mata rajista. Takardar wakilci da wasu ke bayarwa a madadinta ba ta mayar da gida naka.

Kada ka sanar da mai gidanka za ka tashi saboda ranar da kamfani ya faɗa da baki. Mutane da yawa sun saki hayarsu, makulli bai zo ba, suka raba iyali gidajen 'yan'uwa, kaya a shagon aboki, sannan suka sake biyan la'adar dillali da kuɗin lauya don kama wata hayar. Ware kuɗin haya na aƙalla wata shida a gefe, ko ka nemi mai gida ya yarda da biyan rabin shekara.

Ranar karɓar makulli ma akwai tarko. Nan ake fito da kuɗin titi da kwalbati, kuɗin tiransifoma, kuɗin burtsatse, kuɗin hidima na shekara, waɗanda ba a taɓa ambata ba. Duk a rubuta su tun farko da adadinsu. Tambayi ko kowane fulat da mitarsa daga kamfanin wuta, ko mita ɗaya ce a hannun kamfanin gini yana sayar muku da wuta yadda ya ga dama. Shiga da injiniya: a buɗe duk famfo a lokaci guda a ga ƙarfin ruwa a hawan sama, a tara ruwa a banɗaki na awa 24 a duba silin na ƙasa, a gwada kowane soket, a ga inda sokawe yake da girmansa. In da hali, duba ginin da damina.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu, ya ga lauya kafin ya ƙara biyan komai. Tattara rasit, da shaidar turawa ta banki, da hotunan talla, da saƙonnin WhatsApp. Kada ka yarda a "sauya maka" zuwa wani rukuni ka sa hannu a sabuwar takarda, domin sau da yawa tana shafe haƙƙinka na tsohuwar. Nemo sauran masu saye ku haɗu, lauya ya rubuta wa AGIS ƙorafi kan filin don kada a sayar ko a jinginar da shi, sannan ku kai ƙara EFCC a rubuce. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiya ta hanyar yaudara. Ƙarar neman kuɗinku a kotu daban take da ta EFCC, kuma ana iya tafiyar da su tare. A shigar da ita da wuri, tun kamfanin yana da kadarar da kotu za ta iya riƙewa.